Sai An Ba Alfadara Haƙuri

Ni dai tun a gindin dutse raina bai kwanta da Mista Gwak ba. Shekara da shekaru ina yi wa baƙi jagora ta hanyar sama ta Kwazazzabon Tsallen Damisa, yawancinsu 'yan Koriya don na iya yarensu, kuma da na kalli mutum na san irin wunin da zan yi. Shi wannan ya sauko daga mota da sandunan ƙarfe biyu da takalmi sabo fil, yana lissafa mini duwatsun da ya hau kamar na tambaye shi. Matarsa Madam Yun, wata siririyar dattijuwa, ita ke goye da jakar ruwansu su biyu.

Na ce, "Madam, kawo jakar nan."

Ya ce, "Bar ta, ta saba."

To. Na haɗiye.

Muna barin ƙauye sai ga ƙarar ƙararrawa a bayanmu. Kawu Degui ne, ƙanen mahaifiyata, da alfadararsa Heidou, ranar layinsa ce. Haka masu alfadarai ke aiki a wajenmu: wanda layi ya zo kansa shi zai bi baƙi a baya, ba talla, ba magana. In ka gaji ka ɗaga hannu ka hau. In ba ka so ka juya ka ce masa an gode, ya koma gida, ba wanda ya ci wa wani fuska. Duk na yi wa Mista Gwak wannan bayani tun a bakin mota, ashe ta bayan kunnensa ya bi.

Bai ce an gode ba. Tafiya yake yana waiwaye yana tsaki. "Dubi ungulu, jira yake mu faɗi."

"Kawuna ne, Mista Gwak."

"To kawunki ungulu ne."

Na rantse da ba a bakin aiki nake ba da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma hankalina na kan Madam Yun. Tun kafin mu kai Lanƙwasa Ashirin da Takwas, inda hanya ke miƙewa tsaye kamar tsani, na ji numfashinta ya sauya. Iskar sama ba ta ƙosar da wanda bai saba ba. Taku kaɗan ta tsaya, ta dafa gwiwa, ta yi murmushi wai ba komai. Sau biyu na ga ta saci kallon alfadarar, sai ta kalli mijin, ta bar hannunta a ƙasa.

A wata lanƙwasa mai ƙunci ta sake tsayawa. Heidou da ke biye ta matso har hancinta ya kusa taɓa jakar. Kafin in yi magana Mista Gwak ya juyo ya ɗaga sanda ya maka wa dabbar a hanci.

Heidou ta zabura da baya, ƙafarta ɗaya ta bar hanya. Duwatsu suka gangara, ba mu ma ji saukarsu ba saboda rurin kogi can ƙasa. Kawu ya rataya a jikin igiya da ƙarfinsa duka har ta dawo. Da ta tafi, da shi za ta tafi.

Kawu ya shafa hancinta. Ya kwance ƙararrawar wuyanta ya sa a aljihu, ya juya ya kama gangara. Na san abin da hakan ke nufi. Duk mai alfadarin da ya ga dabba ta sauko ba ƙararrawa ya san an ci mutuncinta, kuma babu mai ɗaukar waɗannan baƙi har su bar dutsen.

"Ka san abin da ka ja mana kuwa?" na ce.

"Na rabu da ƙaya," ya ce, ya yi gaba abinsa.

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙarya ne, ranar na gani da idona. Ba mu yi nisa ba Madam Yun ta sulale ta zauna a tsakiyar hanya, leɓɓanta sun yi shuɗi, tana kama ƙirji. Na sa mata gwangwanin iskar taimakon numfashi da nake yawo da shi, ya ɗan taimaka, amma ban ga alamar za ta iya taka ƙasa ba. Maganinta ɗaya ne, a sauke ta ƙasa da wuri, ni kuwa ba zan iya goya ta a wannan gangaren ba, balle shi.

Masu alfadarai biyu suka hauro daga ƙasa da dabbobinsu ba kowa a kai. Yaran da na sani tun suna yawo ba wando! Na kira su da sunansu, suka sunkuyar da kai suka wuce. Sai na buga wa Kawu waya. Ashe bai yi nisa ba, yana zaune a ƙasa kaɗan yana shan taba.

Ya hauro a natse kamar mai zuwa biki. Ya ciro guntun mazarƙwaila daga aljihu ya ɗora a kan dutse.

"Hannun da ya dake ta shi zai ba ta wannan. Ya sunkuya ya ce ta yi haƙuri. Shi ke nan."

"Haba Kawu! Ba ka ga matar nan ba? Rai fa ake magana!"

"Shunying," ya kira sunana, "ɗazu ma rai ne, har biyu. Gaya masa."

Na gaya masa. Mista Gwak ya yi wata dariya ta raini, ya zaro jakar kuɗinsa. Kawu ya kawar da kai.

"Ba kuɗi yake so ba," na ce. "Kalma ɗaya ce, ka faɗa mu tafi."

"Ni? In sunkuya wa dabba? A gaban wannan?"

"A gaban matarka da ke shirin mutuwa!"

"Ba abin da zai same ta. Ta huta kaɗan ta tashi."

Kai, ban taɓa jin takaici irin na ranar ba. Tsofaffi biyu riƙi-riƙi, kowa ya ɗaga hanci yana kallon wani dutse daban, mace na kwance tsakaninsu tana kokawa da numfashi. Na zagi Kawu da yarenmu, abin da ban taɓa yi ba, na juya na zagi baƙon da nasa yaren. Duka biyun ko gezau.

Ina cikin masifa ban lura ba, sai ganin Madam Yun na yi ta ajiye gwangwanin tana rarrafe. Ta ɗauki mazarƙwailar, ta dafa dutse ta miƙe tana rawar jiki. Na riƙo ta.

"Madam, ba ke aka ce ba."

"Bar ni, 'yata," ta ce, tana yanka maganar saboda numfashi. "Na ba maƙwabta haƙuri. Na ba direbobi. Na ba 'ya'yan da na haifa masa. Dabba ce kawai ban taɓa ba wa ba."

Ta miƙa wa Heidou mazarƙwailar a tafin hannu, ta sunkuya har ƙasa yadda suke yi wa manya, ta ce ta yi haƙuri. Heidou ta lashe abinta.

"Me ta ce?" in ji Kawu.

Na fassara masa kalma da kalma, ban rage komai ba, don ina so maganar ta dake shi. Ta kuwa dake shi. Ya jefar da tabar, ya ɗaga ta cak ya ɗora a sirdi, ya cire rigarsa ta sama ya yafa mata, duk bai yarda mun haɗa ido ba.

Muka kama gangara, Kawu a gaba da igiya, ni ina gefenta ina riƙe da ita. Mista Gwak na baya da jakar ruwan da dole ta sa shi ɗauka, gwiwoyinsa sun fara ba shi labari. Kuma bakin nan bai mutu ba. Ina jin sa yana cewa, "Kun gani? Da ma ƙaramar magana ce, aka tsaya ana ja."

Madam Yun ba ta waiwaya ba. Da muka ɗan sauka launin leɓɓanta ya fara dawowa. Ta taɓa kafaɗata.

"Gaya wa kawunki ya ƙara sauri."

"Madam, mijinki ba zai iya wannan saurin ba."

"Na sani," ta ce.