Muryar Inna Ba ta Sayarwa Ba Ce

"Sauke hannunka daga allon nan!"

Kafintan ya tsaya cak a kan tsani, ƙusa a bakinsa. Auta ko ƙofar mota ba ta rufe ba, ta faɗa ofis. Ma'aikata sun yi tsuru-tsuru a gaban kwamfutocinsu, yayanta kuwa yana tsaye cikin sabuwar kwat.

"Yaya, wa ya ce a cire sunanmu?"

"Kwantar da hankalinki. Babban kamfani ne zai saye mu. Suna kawai za su canza, sai kuma..." Ya sosa ƙeya. "Muryar."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

A bayan shagon ɗinkin Inna aka haifi kamfanin nan. Auta ta rubuta manhajar lissafin ciniki a wata tsohuwar kwamfuta da ake tokare murfinta da gwangwanin maɓallai, Yaya ya bi shago-shago yana talla. Ba wanda ya saya. 'Yan kasuwa suka ce ba su yarda da abin da ke haɗiye ciniki shiru ba. Inna ce ta fizge wayar Auta ta ce, "Kawo nan, ni zan yi musu magana." Tun daga ranar, duk cinikin da aka shigar sai muryarta ta fito, ana jin keken ɗinki a bayanta: "Ya shiga, Allah ya ƙara kasuwa." Bara Inna ta rasu. Muryar tana nan a dubban shaguna.

"Sun ce ta tsufa," in ji Yaya. "Ƙararrawa za su sa. Ƙil, shi ke nan."

"Ƙil? Uwarka za ka musanya da ƙil?"

Wani ma'aikaci ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari.

"Auta, murya ba ta biyan albashi."

"Muryar ce ta ɗinka maka kwat ɗin nan."

Ta janyo kwamfutar kusa da ita, ta ƙure sauti, ta danna. Muryar Inna ta cika ofishin, har da ɗan tarinta na ƙarshe da ba su taɓa yankewa ba. Yaya ya sunkuyar da kai.

"Rabin kamfanin nan nawa ne, kuma ba zan sa hannu ba." Ta leƙa waje. "Malam kafinta, mayar da shi. Ka ƙara ƙusa."

Guduma na cikin bugawa wata mata ta bayyana a ƙofa da baƙar jaka, ta dubi allon, ta dubi Auta.

"Ni ce lauyar masu saye. Yayanki bai gaya miki ya riga ya sa hannu a madadinki ba?"

Auta ta juya. Yaya ya ƙura wa takalminsa ido.

Ta ja kujera da ƙafa, ta tura wa baƙuwar.

"Zauna, Hajiya. Daɗewa za ki yi."