Rabin Kilo a Mako

Fatarin ya suɓuce daga hannuna ya faɗi ƙasa, tim, kamar an yar da guduma.

"Ke, me mamanki ta zuba a cikin wannan?"

Kwana huɗu ke nan da rasuwar maƙwabciyata Mai Ɗinki, ni da babbar 'yarta muna ninke kayanta. Na juya fatarin. Ƙananan aljihuna ne jere ta ciki, ɗinki tsaf irin na hannunta, kowanne da guntun ƙarfe. Har da kwaɗon ƙofa biyu.

Ni fa na jawo Mai Ɗinki cikin harkar rage ƙiba. Wata takwas da suka wuce likita ya ce gwiwoyina sun gaji da dakona, ni kuwa ba na iya wahala ni kaɗai. Na saya mana littafi ɗaya ɗaya, muna rubuta kalori, wato ma'aunin ƙarfin abinci, na duk abin da ya shiga bakinmu. Dubu ɗaya da ɗari shida a rana, rabin kilo a mako, ba gaggawa. Duk Asabar da safe ta shigo kicin ɗina mu hau sikeli.

Ni wani makon in sauka, wani makon in hau. Ita kuwa rabin kilo cif, kamar da ita aka ƙera sikelin. Kumatunta suka zurma, zobenta ya koma babban yatsa. Na ce, "Ƙawata, anya ba ki wuce gona da iri ba?"

"Ga sikelinki nan, tambaye shi," in ji ta.

Na tafa mata. Wallahi har kishi na yi.

Wata rana na leƙa shagonta na tarar ta tasa burodi a gaba, ya sha man shanu, ga ƙwai uku, ga kofin madara. Tana ta kallonsu kamar an ba ta magani.

"Lallai ma! Ashe haka kike cin amanata? Kin san kalori nawa ne nan?"

Na ɗauke farantin na kai wa maigadin layinmu. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Allah ya shirye ki, sarkin 'yan sa ido."

Yanzu ga ni riƙe da fatarinta.

"Anti," in ji 'yar, "tun wata na biyu da farawarku aka gano tana da ciwo. Kilo biyu take zubarwa wani makon. Ranar Juma'a sai ta auna kanta a nan, ta ƙara ƙarfe, don naki sikelin ya nuna rabi."

"Ku duka kun sani?"

"Ta rantsar da mu. Ta ce kowa kallon tausayi yake mata, gidanki kaɗai ake mata faɗa kamar mai lafiya."

"Ni ce abin wasanku ke nan? Shekara goma sha tara katanga ɗaya!"

Ta miƙo min littafin mamanta. A saman kowane shafi an rubuta dubu biyu da ɗari takwas, abin da likitanta ya ce ta riƙa ci. Ba ranar da ta kai. Na nemo ranar burodin. Ɗari huɗu da goma. A gefe ta rubuta: "Yau na ji zan iya ci, ƙawata ta ƙwace."

Haushinta nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da ta gaya min, da ni zan zauna in ba ta a baki. Ta bar ni ina tafa wa ciwon da yake cinye ta.

Na tafi da fatarin gida, ban nemi izinin kowa ba. Asabar da safe na jawo sikelin tsakiyar kicin kamar kullum, na ɗora shi a kai. Allurar ta yi rawa kaɗan, ta tsaya a kan kilo shida.