Farantan Gishirin Kaka

A gidan Kaka ba a zama cin abinci sai da 'yan farantan gishiri. Goma sha ɗaya ne, farare masu shuɗin baki, ragowar kayan shayin da kofunansu suka daɗe da farfashewa. Duk hutun ƙarshen shekara, idan 'ya'ya da jikoki sun hallara, sai a jawo teburin ɗinkin da marigayi kakanmu ya bari a haɗa da na falo, a rufe su da zane ɗaya, a jera farantan, kowa nasa a hannun dama. Kafin loma ta kai baki sai mutum ya tsinci gishiri da yatsu uku ya barbaɗa. Haka muka buɗe ido muka gani. Mukan tsokani Kaka cewa hannunta rowar gishiri gare shi, ita kuma ta ce wanda bai ƙoshi ba ya koma gidan ubansa. Ba ta barin kowa kusa da tukunyarta, sai Goggo, babbar 'yarta.

A shekarar da nake magana, ina aji biyu a makarantar koyon jinya, likita ya hana Kaka gishiri. Jininta ya hau, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ni na raka ta asibiti, da kunnena na ji gargaɗin. Da na kawo maganar gida, Kawu, ƙanen mahaifiyata mai gyaran mota, ya ce ɗan kaɗan bai taɓa kashe kowa ba. Matarsa ta ce ai kwana uku ne kacal a shekara, a bar tsohuwa ta ji daɗinta. Har yau idan na ji irin wannan magana raina ɓaci yake yi. Na ga yadda ɗakin tsofaffi na asibiti yake cika maƙil bayan kowane hutu, kuma duk wanda ke kwance akwai wani mai ƙaunarsa da ya ce masa ɗan kaɗan ne.

Kaka ba ta iya doguwar tsayuwa a lokacin, sai na karɓe kicin. Na naɗe farantan a tsohuwar jarida na tura su can saman kabad. Na ɗora tukunya biyu. Babbar na auna mata gishiri da cokali, yadda ba sai an kawo wani kan tebur ba. Ƙaramar ta Kaka ce, babu ko ƙwaya. Na samo mata faranti mai murfi, na manna takarda na rubuta sunanta don kada a sami kuskure. Goggo tana bakin ƙofa tana kallona. Ta ce da na fara tambayar Kaka tukuna. Na ce tambaye-tambayen nan da lallashi su suka kai mu inda muke. Ta ɗaga kafaɗa ta koma yankan albasa.

Da aka zauna, sai hannaye suka riƙa zuwa dama suna dawowa wayam. Kawu ya leƙa ƙarƙashin zanen tebur.

"Likita, su farantan an kwantar da su ne, ko an sallame su?"

Aka yi dariya, har da ni, don ina jin na yi abin kirki. Babban kwanon shinkafa da kaza ya fara zagayawa hannu zuwa hannu. Da ya iso kan Kaka, sai na miƙa hannu na tsallake da shi. Ta bi shi da ido har ya kai ƙarshen tebur. Ta buɗe nata, ta karanta takardar, ta yi cokali biyu ta ce ta ƙoshi.

Washegari ta ce a kai mata ɗaki. Da na je ɗaukar farantin, yana nan yadda na kai shi, mai ya daskare a sama. Maganinta ba a shan sa da yunwa, ga shi wuyanta ya riga ya zama kamar na 'yar tsako. Na zargi kowa. Na ce wani yana kai mata na babbar tukunya a ɓoye, har na ɗaga matashinta ina dubawa. Ban sami komai ba. Ba ta ci ne kawai.

Ranar ƙarshe da safe na shiga kicin na tarar da ita tsaye, hannu ɗaya a kan kabad, ɗayan yana lalubar sama da sandarta. Na fara faɗa, ina lissafa mata abin da likita ya ce. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in jawo mata kujera.

"Ke a zatonki don kwaɗayi na jera su?"

Ta ce kakanmu bai cika arba'in ba aka hana shi gishiri. Ita ma abin da na yi shi ta fara yi, ta ware masa 'yar tukunya. Ya yi mako guda yana ci shi kaɗai a teburin ɗinki, ya juya wa yara baya don kada su ga yana kallon kwanonsu. Daga nan ya fara dawowa gida a ƙoshe. A hannun rigarsa ta ga man abincin bakin titi. Ta wanke ƙaramar tukunyar ta kife, ta janye gishiri daga babbar gaba ɗaya, ta koyi soya albasa har ta yi ja, da tafarnuwa da citta, ta fito da farantan shayi ta zuba wa yara nasu a gefe. Shi kuma a nasa takan sa masa yankan lemun tsami, don kada hannunsa ya je ya dawo wayam. Shekara ashirin da shida ya ƙara, yana ci daga kwano ɗaya da 'ya'yansa. Bayan ya rasu hannunta ya riga ya saba, ba ta koma ba.

"Tukunyar gidan nan ta fi shekara arba'in ba ta ga gishiri ba," in ji ta, "sai da ke kika zo da karatunki."

Goggo tana bayana, ban san lokacin da ta shigo ba. Ba ta ce ai na gaya miki ba, kuma da ta faɗa ɗin da ya fi mini sauƙi. Na taka benci na sauko da ƙullin jaridar.

Ranar tukunya ɗaya aka ɗora. Kaka tana zaune tana ba da umarni da kan sanda. Ta ce albasata ba ta soyu ba, ta ce hannuna na allura ne ba na ludayi ba, ta sa na ƙara citta sau biyu. Na jera farantan da kaina. Gishirin da na zuba bai kai rabin wanda aka saba ba, kuma ban nemi afuwar kowa ba. Kawu ya kalli nasa ya ce wannan ai ko tururuwa sai ta kai ƙara. Na ce masa shi ma ya zo in auna jininsa bayan an gama, sai ya duƙufa kan abincinsa. A farantin Kaka na sa yankan lemun tsami.

Da babban kwanon ya iso kanta, ta riƙe shi da hannu biyu ta ɗiba da kanta. Ta kai hannu dama, ta matse lemun, ta ci. Ta cinye tas, ta ce a dawo mata da kwanon.

Hutu biyu muka ƙara yi da ita a wannan tebur. Da aka zo rabon kayanta, kowa ya ɗauki farantin da ya saba zama a gabansa. Ni na ce a ba ni nata. Yana da 'yar tsaga a gefe, kuma tsamin lemu ya cinye shuɗin bakinsa ta wajen da take ajiye yankan.