Mai Gyaran Famfo a Ɗakin Gwaji

Mijina mai gyaran famfo ne, kuma in dai maganar bututu ce, ba ya yarda da bakin kowa sai ya gani da idonsa. Ni kuwa bayan haihuwata ta huɗu likita ta faɗa mini gar da gar cewa in na sake ɗaukar ciki kafin shekara uku, da wuya in tashi. Ƙwayoyin hana ɗaukar ciki suna hawar mini da jini, allura kuma sai da ta kwantar da ni wata biyu. Tsoro nake ji sosai, ko da ban cika faɗa ba.

Likitar ce ta ba mu labarin wani gwaji da ake yi da maza. Za a tura wani abu mai yauƙi cikin siririn bututun da maniyyi ke bi, ya daskare ya tare hanya, ranar da ake son haihuwa a yi wata allura ya narke. Maigidan ya saurara tsaf, sannan ya ce shekara ashirin yana fama da toshewar bututu, kuma wata toshewar sai an fasa bango. Na ce to ai shi ba bango ba ne. Ko murmushi bai yi ba.

Ranar da aka ce mu je, sai ga bawan Allah da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. A ɗakin gwajin ya zaro wani ɗan tiyo garai-garai, ya miƙa wa malamar da ke haɗa abin, wai ta toshe masa wannan tukuna. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita ko ta yi dariya ta ɗura masa. Da abin ya daskare ya kafa baki ya busa har kumatunsa suka yi suntum, iska ta ƙi wucewa. Ya gyaɗa kai, wai ko shi ba zai fi haka ba.

Sai ta zuba ruwan narkarwar. Can tiyo ya fara ɗiga, ya tsiyaye masa a takalmi. Ya ɗaga shi ga fitila ya leƙa, ya sa aka maimaita har sau uku. Malamar dai ba ta ɓoye masa ba, ta ce jikin mutum ba tiyo ba ne, shi ya sa ake gwajin, kuma ba za ta rantse masa cewa nasa zai buɗe ba.

Ya yi ta juya tiyon a hannunsa. Na gyara mayafina na ce mu tafi, ba dole.

"Zauna, Maman yara," ya ce. "In bai buɗe ba, muna da huɗu. Ke kuwa guda ɗaya ce."

Ya ɗora mini jakar a cinya ya bi wata nas. Daga bakin ƙofa ya juyo, ƙasa-ƙasa, yana tambayar ko allurar babba ce.