Direban da Ya Daina Turo Saƙo

Tana cikin zuba ƙwayoyi a leda a ɗakin magani na asibiti ta ɗaga kai, sai ga ƙaninta a gaban taga, takunkumin fuska a haɓa, babu takardar likita a hannunsa. Direban bas ne, ba ya barin tasha da tsakar rana.

"Auta, lafiya? Ja takunkuminka sama."

Ya ja. Ya turo makullin mota ta ƙasan gilashi. "Ki mayar wa mai motar. Wayata kuma ki ba yaranki."

Tun da annobar ta shigo, Auta ke cika wayoyin dangi da saƙonnin bidiyo. Wannan mai farar riga ya ce tururi na kashe cutar, wancan ya ce wanda ya shiga asibiti ba ya fitowa. Ita kuwa amsarta ɗaya ce: "Ƙarya ne." Ba ta taɓa sauraron ko guda har ƙarshe ba. Da Baba ya fara tari, kwana huɗu Auta ya yi yana yi masa sirace kafin ya kawo shi asibiti. A rana ta shida Baba ya rasu. Daga nan Auta ya daina turo komai, ita kuma ta ɗauka hankali ya yi.

"Yaya, wani likita ya ce da an kawo shi ranar farko da ya tashi. Wani ya ce kawo shin ne ya kashe shi. Jiya kuma na ji direbobi ne ke kai cutar gida." Ya yi 'yar dariya. "Duk wanda na saurara, ni ne."

"Yaushe rabonka da barci?"

"Kwana nake sauraren saƙonnin. Ko zan samu mai cewa ba ni ba ne."

Wani tsoho a layi ya ce, "Malama, mu ma fa ba yawo muka zo ba."

Ta dubi makullin, ta dubi ƙaninta. Ta rage murya. "Auta, tunanin kashe kanka kake yi?"

"Na gaji, Yaya."

"Tambayarka na yi."

Ya gyaɗa kai.

Ta rufe tagar, layi ya ɗauki gunaguni. Ta zagayo ta riƙe hannunsa gam, dokar ba da tazara ko oho.

"Akwai likita a sama. Tare za mu shiga."

A tsakiyar matakala ya tsaya. "Ke fa me kika ce? Ni ne?"

Ta ja hannunsa zuwa sama.

"Ni ma na ji tarin Baba a waya, na ce sai na tashi aiki. Hau mu je."