Ranar da Larai Ta Ce Babu Sauƙi

Da malamin asibitin En'e na Haɗejiya ya duba kumburin da ke wuyan Larai, sai ya ce ciwon daji ne, a kai ta Kano. Mijinta Bunu masunci ne, ko kuɗin jirgin ƙasa ba shi da su, balle na jinya. Sai Larai ta tura shi wurin kawunta Ja'afaru, mai awon gyaɗa a Malam Madori.

Sau uku Bunu yana zuwa. Kullum in Ja'afaru ya ce, "Yaya mai jiki?" sai bakin Bunu ya riga shi, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." To, wanda ya ce da sauƙi, da wane baki zai roƙi kuɗin magani? Sai ya sha fura, ya dawo gida da goro biyu.

A na huɗu Larai ta sa aka ɗora ta kan jaki, har zauren kawun.

"Larai, yaya jiki?"

"Babu sauƙi, Kawu. Ko kaɗan."

Ja'afaru ya tsufa yana duba marasa lafiya, har waɗanda ake tuna wa kalmar shahada, bai taɓa jin wannan amsa ba. Carbi ya suɓuce masa. Ya shige gida, ya fito da ƙullin sulalla.

A tasha, suna jiran jirgin Kano, wani ya tambayi Bunu jikin iyali. Bunu ya buɗe baki ke nan Larai ta ce masa, "Malam, ci goronka. Sauƙin nan naka ya kusa kai ni kushewa."