Kiyashin Makewayi

Sahadatu ta ɗaga tsintsiya za ta share makewayi, sai hannunta ya tsaya. Kiyashi ne cincirindo daidai inda mijinta, Malam Mumuni, ya tsuguna ɗazu. Ita da ke sayar da koko a Zangon Ankara ta san abin da ke tara kiyashi. To, me ya kai zaƙi makewayi?

Ta leƙa ɗaki. Malam na kwance yana rawar ɗari, ya dafe kwankwaso. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Kumasi ya dawo ko ƙwarzane babu, yanzu shi ne ladanin unguwa. Ga taurin kai, sai dai a yi shiru.

"Malam, yaushe rabonka da shan ruwa?"

"Ruwan ne ke karya mini alwala. Ina sha, sai fitsari. Ladan guda ya riƙa barin sahu yana gudu da buta?"

"Shi ya sa kake matse shi?"

Ya kau da kai. "Yanzu kuma in na yi, sai ka ce barkono. Har da jini."

"Wayyo Allah! Ka kashe kanka ka bar ni da wa?"

Ba ta nemi izininsa ba. Ta kira maƙwabta, aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibitin Turawa. Likita ya duba fitsarin ta wani madubi, ya yi magana, tafinta ya juya mata.

"Ciwon sukari ne, Uwargida. Fitsarin ya yi zaƙi, ƙwayoyin cuta sun samu abinci suna ta hayayyafa a mara. Da yake matsewa, har sun fara hawa ƙoda. Mai wannan ciwo suka fi kayarwa. Da kin ƙara jinkiri, da wani zancen ake yi. Ga magani, ya bar zaƙi, ya yi ta shan ruwa."

A gida ta miƙa masa moɗar ruwa, ya ture. "Sallata fa?"

Nan take ta aika wa Liman Abdulganiyu. Da ya zo ya ji bayani, sai ya riƙe baki.

"Haba Mumuni! Wanda fitsari ya rinjaya ai shari'a ta yi masa rangwame. Me ya hana ka tambaya?"

"Kunya, Allah gafarta Malam."

"To, sha."

Ya sha, ya ƙara, hawaye na bin gemunsa. Sahadatu ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

Ranar da muryarsa ta sake tashi a masallaci, tana bakin murhu, ta yi ta hamdala har kokonta ya nemi kamawa. Ta kankare gindin tukunya, ta barbaɗa sukari, ta kai jikin bango ta zuba wa kiyashi. Malam ya dawo ya tarar da ita tsugune.

"Ke da kullum kike yaƙi da su?"

"Bar su su ci, Malam," in ji ta. "Su suka faɗa mini, ba kai ba."